Kekenka Ba Zai Shiga Siminti Ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Buhari, a makwancinsa na Tambuwal.

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga ubanta, ko da ba za ka amsa ba.

Baba, keke ya shigo yayi. A jami'armu an ƙaddamar da shirin rage hayaƙin motoci, wai kowa ya koma keke ko tafiyar ƙasa. Ranar bikin manya suka iso, kowa cikin ƙatuwar motarsa. Aka miƙa musu kekuna ko ledarsu ba a cire ba, suka taka daga ɗakin taro zuwa gindin dogonyaro, aka tafa. Motocin kuwa suna nan a kunne, direbobi na sanyaya musu kujeru. Mu da muke takowa aji da ƙafa kullum aka ce mu matsa, muna ɓata hoto.

Shugaban shirin wani ɗan aji huɗu ne, Faruk. Da kana raye da ban iya faɗa maka ba: duk littafin soyayyar da na karanta, fuskarsa nake sa wa jarumin. Wata uku ko gaishe shi na kasa. Shi ya sanar ana neman tsohon keke "na ƙauye sosai", a shafa masa koren fenti, a kafe shi cikin siminti a bakin ƙofa, a dasa fure a kwandonsa. Don dai ya dube ni, na ɗaga hannu.

Ran Juma'a na zo gida na fiddo naka daga zaure. Matashin buhun da ka ɗinka mini a kujerar baya yana nan. Na tuna safiyoyin da kake ɗauko ni kafin ka wuce koyarwa Jabo, ina cewa ka sauke ni bayan kasuwa, kada 'yan ajinmu su gani. Ba ka taɓa tambayata dalili ba. Dariya kawai kake yi ka ce, "Wanga doki ba shi shan mai, tuwon innarki shika ci."

Ina cikin goge shi saƙon Faruk ya shigo, wai in na iso tasha zai zo da motarsa ya ɗauka. Motar da yake hawa daga ɗakin kwanansa zuwa masallaci, Baba! Mutumin da ko gumi bai san warinsa ba, shi zai binne ƙafafunka a siminti.

Na rubuta masa ya kafe motar tasa a simintin, hayaƙin zai fi raguwa. Maganata ta farko da shi ke nan, kuma ta ƙarshe.

Na sa wa sarƙar kekenka mai. Kawu Sani zai riƙa zuwa gona da shi.

Ka yafe mini bayan kasuwa, Babana. Da za ka dawo, har ƙofar aji za ka kai ni.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa kowane taku da ka yi ya zame maka haske.

Ɗiyarka ta kujerar baya,
Asma'u