Farin Garin da Ya Zubo Daga Motarka

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan Bunkure lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ka tuna kana cewa jikin motar da ka bar mini alminiyon ne, ba ya tsatsa? To, fentin bayanta ya kumbura, ya yi bororo kamar ƙunar ruwan zafi. Da mai gyaran bodi a Kura ya ɓantare shi, sai ga farin gari yana zubowa kamar toka. Wallahi sakin baki na yi. Ashe alminiyon ma yana ruɓewa, fari kawai yake yi!

Ya ce kusoshin ƙarfen da na kafa don ɗaure kwandunan tumatir ne sila. Wai in ruwa da takin zamani suka jiƙa ƙarfe da alminiyon a haɗe, sai ɗaya ya riƙa cin ɗaya. Ikon Allah, kusoshin suna nan ƙalau, motar suka cinye.

Laifina ne, Yaya, ka yafe mini. Ka sa mu a addu'a, a shafa mini kan yara.

Ƙaninka,
Habu