Rafali Uku a Falon Baba

Gwaggo mai wannan fili, ki taimake ni don Allah. Ni babban Farfesa ne, shugaban masu nazarin taurari da abin da ke bayan taurari. Allon da na cika da rubutu na wanke ya fi a ƙirga. Ni ake nema da shawara, amma yau abin ya fi ƙarfin digirorina.

Akwai wata ɗalibata mai kai kamar me, ta gama digirin farko a fizis. Ba fizis ɗin gyaran kaya ba, don fankar ɗakinta ma da sanda ake tayar da ita. Nata na alli ne da tunani: ta ƙura wa bango ido ta ce aiki take. Tana son ta ƙaro karatu a ƙasar waje da tallafin da zai ɗauki nauyinta, don babanta tela ne mai keke ɗaya. Abin da ya rage mata shi ne rafali uku, wato malamai uku da za su rubuta shaidar ƙoƙarinta. Ita kuwa kunyar malamanta take ji, kullum sai ta ce gobe.

To tana da wani shaƙiyyin ƙane. Baban ya ja shi gefe ya tambaye shi me ya tsayar da takardun, shi kuma ya ce rafali uku ake nema, waɗanda suka iya busa usur. Wallahi wasa yake. Baba bai yi dariya ba. Ya rufe shago, ya sa rigar fita, ya nufi filin ƙwallo.

Yanzu kowace yamma rafali uku ne a falonmu, ina nufin falonsu. Dogon ya rubuta cewa bai taɓa kama ta da satar gida ba. Mai tumbin ya ƙi sa hannu sai ya ga gudunta, aka sa ta zagaya tsakar gida da littafi a hammata. Na ukun ya ɗaga wa Umma katin gargaɗi saboda shayi ya huce. Baba ya ɗinka musu gajerun wanduna kyauta. Ya ce tunda yarinyar ta shiga jami'a bai taɓa gane kalma ɗaya a karatunta ba, sai yanzu Allah ya kawo abin da zai yi mata da kansa. Har kekensa ya fara nema wa mai saye, wai don kuɗin jirgi.

Ita ta san gaskiya, amma in ta kalli fuskarsa sai ta kasa. Ta ce ko ta tura shaidar masu usur a yi mata dariya a can, ko ta bari a rufe karɓar takardu ƙarshen wata ta haƙura. Jiya ta goge allonta tas, ta juya shi bango.

Gwaggo, babu wani Farfesa. Ni ne ƙanen. Aski nake yi, allon da na wanke na makarantarmu ne, bokon ma a waya na tsince shi. Na ari rigar Farfesa ne don kada ki jefa ni a kwandon shara. Yaya zan kwance abin da na ƙulla, Yaya ta tafi, Baba bai ji kunya ba?

Autan Tela

AMSA

Ranka ya daɗe Farfesa, tun daga "falonmu" na hango almakashi a aljihunka.

Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma tsokanarka ta sauka a kan mutumin da ya daɗe yana neman ƙofar da zai taimaki 'yarsa. Ita ma Yayarka tana da nata: da ta je wurin malamanta tun farko, da ba ka sami abin wasa ba.

Kai za ka faɗa wa Baba, ba ita ba. Ka same shi a shago shi kaɗai, ka ce kalmar ma'ana biyu gare ta, kai ka miƙa masa gurguwar da gangan. In ya ɗaga sandar awon yadi, ka tsaya ka karɓa. Sannan ka ba shi aikin gaske: wanda ya tunkari rafali uku a tsakiyar fili ya kawo su gida, raka 'yarsa ƙofar malamanta ba zai gagare shi ba. Su je cikin makon nan da sakamakonta da taƙaitaccen bayanin bincikenta, don malamai na buƙatar lokaci.

Keke kuwa kada a taɓa shi. Jami'o'i da dama su suke biyan ɗalibin irin wannan karatu, yana koyarwa ko yana taya bincike. Ta rubuta ta tambaya, har batun jirgi, kuma ta nemi wuri fiye da ɗaya.

Rafali a sallame su da godiya, su riƙe wandunansu, askinsu yana kanka har ta tafi. Ranar tafiyar a gayyato su su busa mata usur. Yau kuma, kafin komai, ka sayo alli ka juyo mata allonta.

Allah ya ba ta sa'a, ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma ya rage maka ƙaiƙayin baki.