Famfon Idon Hagu

Litinin, 3 ga Maris
Likita ya ce a riƙa rubuta duk ranar da idon ya yi ruwa. Ni ban yi karatu ba, autata ce ke riƙe biro in ta taso daga aiki. Rubuta, Auta: na hagu ne, tun safe. Gefen mayafina ya jiƙe.

Alhamis, 6 ga Maris
Babban ɗana ya tarar ina share fuska. Wai, "Inna, wata takwas da rasuwar Baba, kullum kuka? Ki tattara ki dawo gidana." Na ce ba kuka ba ne. Shekara arba'in da ɗaya a ɗakin nan, ƙusar madubin can ma a gabana aka kafa ta. Ba inda za ni.

Lahadi, 9 ga Maris
Ruwa dai. Na gaji da sharewa, na gaji da bayani.

Laraba, 12 ga Maris
Asibiti. Likita ya ce akwai 'yar hanya daga lungun ido zuwa hanci, nan hawaye ke bi. Tsufa ne ya tsuke ta hagun, shi ne ruwan ke malalowa a kumatu. Na ce ya maimaita da ƙarfi, ɗana na bakin ƙofa. Suka wanke hanyar da ruwan gishiri, har na ji shi a maƙogwaro. Maganin ɗigawa sau uku, tsumma mai ɗumi safe da yamma.
Ai tun marigayin na raye idon ke yi. Sai ya zaro hankici daga aljihu, ya ce, "Ungo, famfonki ya sake ɓallewa."

Talata, 18 ga Maris
Kwana huɗu ba ruwa. Ɗan nawa ya daina zancen tashi. Ɗaki dai nawa ne. Shiru ne kawai ya yi yawa.

Juma'a, 28 ga Maris
Na fito da rigunan marigayin a shanya. Hankicin na nan cikin aljihun shuɗiyar, a ninke. Ruwa ya dawo, har azahar.
Auta ta ce, "Inna, ai na hagu kaɗai ya toshe. Yau duka biyun ne suka yi ja."
Ke dai rubuta abin da aka ce ki rubuta. In yayanki ya kira, tambaye shi ko ɗakin da zai ba ni a gidansa yana da taga. Kwana biyu kawai zan yi. Kada kowa ya taɓa ƙusar madubina.