Gaba Uku na Mai Tuƙi

Wangsa Maju, Kuala Lumpur
4 ga Mayu

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaishe ka da Inna Ɗelu, da fatan ruwan Yauri yana lafiya. Karatu lafiya lau.

Na faɗa maka na shiga ƙungiyar masu tuƙa kayak a tafkin Titiwangsa, wannan siririn kwalekwalen roba na mutum ɗaya. Mace ɗaya za su tura gasar ɗalibai a watan gobe, tseren kilomita biyu, ana kewaya alama sau huɗu. Wadda ba ta gama cikin minti goma sha biyar da rabi ba, an cire ta.

Kocinmu Najib ya ce dogon jirgi ya fi gudu, domin yana hawa kan taguwar ruwan da goshinsa ya tayar, kuma ba ya karkacewa. Ban yarda da shi kawai ba. Na ɗauko igiyar awonka da na taho da ita, mai ƙulli uku, tunda kullum kana cewa jirgi gaba uku ne. Ta yi daidai da kayak mai mita biyar da ɗoriya, shi na ɗauka.

Mako uku ke nan ina yin minti goma sha shida da wani abu, kafaɗuna suna ciwo. Najib ya ce matsalar hannuna ce. Ni kuwa ina zargin awonka ba ya aiki a ruwan Malesiya. Ka yi haƙuri da maganar.

'Yarka,
Juwairiyya

Yauri
9 ga Mayu

Wa alaikumus salam uwata,

Kowa lafiya. Innarki ta ce ki riƙa cin abinci.

Ashe ke kika ɗauke igiyar nan. Shekara biyu ina zargin maƙwabta. Awona ba shi da laifi, shekara arba'in ina sassaƙa kwalekwale da shi. Ke ce kika zauna a rumfata kina kallo ba ki gani ba. Duk wanda ya zo in sassaƙa masa jirgi, sai na kwance ƙullin, na sa ya buɗe hannuwansa, na auna gabansa daga yatsa zuwa yatsa, na ƙulla sabo. Wadda kika ɗauka ta jirgina ce, ni kuwa kin san tsawona.

Kocinki bai yi ƙarya ba, rabi ya faɗa. Dogo ya fi gudu idan akwai ƙarfin da zai kai shi can. Amma kowane taƙi da aka ƙara, ƙarin jiki ne da ruwa zai riƙe. Ke kina jan jirgin babanki, shi ya sa kafaɗa ke ciwo. Kwance ƙullina ki ƙulla naki.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki,
Bala

Wangsa Maju
17 ga Mayu

Assalamu alaikum Baba,

Na karɓi faɗan, na cancanta. Na kwance ƙullin. Gabana uku mita huɗu ne da santimita sittin. Akwai wani tsohon kayak mai wannan tsawon a bayan rumfar ƙungiyarmu, wanda ake bai wa 'yan koyo.

Da na jawo shi, Najib ya ce in mayar. Ya ce shekara goma sha biyu yana koyarwa bai taɓa tura kowa gasa a jirgin 'yan koyo ba, kuma ba zai bari a yi wa ƙungiyarsa dariya ba. Na yi masa bayanin igiyar, ya tambaye ni ko babana injiniya ne. Na ce a'a, masassaƙi ne, injiniyar ni ce, kuma na yi lissafin ya bayar da abin da igiyar ta bayar.

Sai ya ce, "Boleh," wato ya amince a yarensu. "Amma gwaji ɗaya ne ranar Asabar. Kin wuce lokaci da daƙiƙa ɗaya, sunanki ya fita."

Na ce na yarda, da sharaɗin shi zai riƙe agogon da hannunsa.

Gajeren yana ɗan kaɗa goshi duk bugun filafili, ina koyon matso da filafilin kusa da jikinsa. Amma a wurin kewaya alama yana juyawa nan take. Idan na faɗi, a jirgin da na zaɓa na faɗi. Ina neman addu'a.

'Yarka,
Juwairiyya

Titiwangsa
24 ga Mayu

Assalamu alaikum Baba,

Minti goma sha biyar da daƙiƙa huɗu. Najib ya duba agogon sau biyu, ya rubuta sunana.

Da yamma ya ce in ara masa igiyar ya auna sauran matan da ita. Na ce wannan tawa ce yanzu, ya sayo tasa in nuna masa yadda ake ƙullin.

A gaida Inna. A kuma roƙa mana gafarar maƙwabta.

'Yarka,
Juwairiyya