Jan Birona

Litinin, 3 ga Maris
Likita ya gama magana: maƙoƙon nan sai an cire. Wata takwas ina fama da kasala, ina jin sanyi cikin rana, gashi na zuba, yanzu haɗiya ma da ƙyar. Na tambaye shi murya fa? Ya ce jijiyarta na dab da wurin, za su kiyaye. Za su kiyaye! Shekara sha huɗu ina karanta labaran safe a rediyo, ba ni da gona sai wannan maƙogwaron.

Laraba, 5 ga Maris
Manaja ya ba Kanari, sabuwar yarinyar ofishinmu, kujerata "kafin ki warke". Ni na sa mata sunan nan ranar da ta fara aiki, da gatse na faɗa, ya bi ta. Ta ce, "Yaya, Allah ya tashi kafaɗa." Wuyanta sumul, ko ƙurji babu. Na kwashe kayana daga tebur, har da jan birona da nake sa alamar inda zan ja numfashi. Ba zan bar mata ba.

Litinin, 10 ga Maris
Ba ci ba sha tun jiya. Na karanta wa bangon ɗakin asibiti takardar sa hannu da ƙarfi, ko ita ce ta ƙarshe.

Alhamis, 13 ga Maris
An yi. Ɗinki kamar sarƙa, yatsu kamar kiyashi na bin su, nas ta ce zai wuce. Na buɗe baki in gode mata, iska ce ta fito. Matar gadon kusa da ni ta kunna rediyo ƙarfe bakwai. Wa zan ji in ba Kanari ba? Matar ta ce, "Kai, yarinyar nan akwai murya!" Na juya na fuskanci bango, juyawar ma da zafi.

Asabar, 22 ga Maris
Gida. Ƙwaya ɗaya kullum kafin karin kumallo, har iyakar rai. Baban yara yana aske gemu yana sauraron Kanari, har da gyaɗa kai. Na rubuta masa a takarda: KASHE. Ya ce, "Haba, labarai fa nake ji." Da can da nake yi barci yake. Inna kuwa da ta zo dubiya cewa ta yi, "Kamar ke lokacin kina yarinya." Uwata ke nan.

Talata, 25 ga Maris
Gudu Kanari take da karatu kamar an biyo ta. Ta karanta rasuwar mutum tara ta zarce farashin taki ba tsayawa. Na ji daɗi, Allah ya yafe min. Na ji daɗi sosai.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Likita ya leƙa maƙogwarona da madubi. Gefe ɗaya na igiyar muryar ba ya motsi. Wata shida, ko fiye, ko kuma haka zan zauna. Ban yi kuka a gabansa ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Kanari ta zo. Na ɗaure wuya da gyale. Ta zauna bakin kujera, ta fito da takardun gobe duk sun jiƙe da gumin hannu. Wai kullum sai ta yi amai kafin a kunna jar fitilar fara labarai. "Yaya, ban san inda ake numfashi ba. Na duba aljihun teburinki kaf, ban ga tsofaffin takardunki ba." Ina za ki gani, suna ƙarƙashin gadona. Na bar ta tana jira, sai da shayinta ya huce. Sannan na ɗauko biron. Layi bakwai na ja mata, biyu bayan sunan mamaci.

Litinin, 7 ga Afrilu
Ta tsaya a duk bakwai ɗin. A na biyar na kama kaina ina jan numfashi tare da ita. Har yanzu tana haɗiye ƙarshen kalma, na rubuta mata. Biron ban ba ta ba, mantawa na yi da shi cikin takardunta.