Abin da Direbanka Ke Kira Taki

Zuwa ga Alhaji mai kwangilar kwashe sharar kasuwa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Sunana Mariyama. Ina noma gonar da marigayi maigidana ya bar mana ni da yara, a bakin hanyar Tirmini, da an fita gari kaɗan. Na je wurin aikinka aka ce ka yi tafiya, na koma aka ce kana taro. Shi ya sa na rubuto a fili, inda kowa zai gani.

Na farko. Mu manoman Damagaram mun san sharar birni tun ba yau ba. A zamanin mahaifina roƙon masu jakuna ake yi su juye ta a gona. Toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi, gero ya tashi a kanta har ya fi mutum tsawo. A ba mai jaki fura ya sha, a yi masa godiya. Wannan shi ne taki. Abin da kamiyonka ke juyewa a gefen gonata tun bayan kaka kuwa baƙar leda ce, da matattun pil, wato batiran rediyo, da fasassun kwalabe. Da na tare direban, ya ce wai taki suka kawo mini kyauta, kamata ya yi in gode. Wallahi wannan magana ta ƙona mini rai, har yau ba ta bar ni ba.

Na biyu, kuma shi ne ya sa ni rubutu. Ka san ruwa ya ɗauke mana tun gero bai fid da kai ba. Babu harawa, babu kara, ciyawa ko ta magani babu. Leda kuwa tana zuwa da maiƙon ƙosai da gishirin tsire a jikinta, dabba mai yunwa ba za ta wuce ta ba.

Awaki biyu fari ya bar mini. Babbar, wadda yara ke shan nononta, sai cikinta ya fara tasowa. Na yi murna, Alhaji. Na ce ta ɗauka. Maƙwabta suna yi mini barka, suna tsokanata wai ni kaɗai ce mai sa'a a wannan shekara. Dusar da nake haɗawa da kunun yara na riƙa ɗiba ina ba ta. Haƙarƙarinta yana fitowa, cikin yana ƙara girma, ni kuma ina cewa ɗan ne ke janta. Ran da ta kasa tashi na kira mahauci ya yanka kafin ta zama mushe. Da ya farke ta babu ɗa. Leda ce ta naɗe a tumbinta kamar gammo, sai da ya sa hannu biyu ya jawo. Na zauna a ƙasa na yi kuka gaban yarana, ban ji kunya ba.

Na shanya dunƙulen na ajiye. Duk ran da ka so gani, yana nan.

Roƙona, ranka ya daɗe, kamiyon ya daina juyewa a bakin gonaki da hanyar dabbobi. Wadda aka riga aka zuba a dawo a kwashe kafin shuka, don fartanya ba ta shiga ƙasar da leda ta cinye. Kuma a gaya wa direban ya daina kiran abin nan taki.

Kada ka ce sai an zauna an duba. Akuya ɗaya ta rage mini. Na ɗaure ta a gida, amma kafin in gane, tare suke kiwo da waccan. Yanzu ita ma cikinta ya fara tasowa, kuma babu maƙwabcin da ya yi mini barka.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci nemanka, ya tsare dabbobinka da abin da ya sami tawa. Allah ya ba mu damina mai albarka. Ni kuma ka taya ni addu'a, Allah ya sa abin da ke cikinta ɗa ne.

Wassalam.

Mariyama,
bakin hanyar Tirmini.