Rufin da Na Manne

Litinin, 6 ga Maris

Ɗan gidan wasan ya kammalu, alhamdulillahi. Wata biyu ina fama da kwali da tsinken tsire da gam. Gidan Baba ne sak, wanda aka rushe da za a fitar da titin Taiping, har dogayen ƙafafunsa na katako. Ƙasar tsakar gida da diddigar kofi na yi ta. Matata Salbiah ta ce falonta ya koma teburin mai shayi.

Laraba, 8 ga Maris

Na kai wa Keong, mai shagon da muke buga yaƙin ƴan sojojin wasa a kan tebur. Ya zagaya shi yana jinjina kai, sai ya kama rufin zai ɗaga. Rufi ya ce bai san zancen ba.

"Kai mutumina, mannewa ka yi? To sojojin ta taga za su shiga?"

Ƙa'ida ce, kuma na san ta: gidan da ba ya buɗuwa ba ya hawa tebur. Ko in yanke rufin kafin wasan sha takwas ga wata, ko ya zauna kan kabad. Na ji haushi ƙwarai. An taɓa rushe gidan nan sau ɗaya, ai ya isa.

Alhamis, 9 ga Maris

Ban taɓa shi ba. Na yi bishiyar kwakwa huɗu, biyu sun karkace.

Lahadi, 12 ga Maris

Yaya Rokiah ta zo. Ta sa tabarau ta ƙirga matakala. "Bakwai ne, ba biyar ba. Kai da ka sha faɗowa daga kansu!" Sai ta leƙa ta taga, ta daɗe.

"Ina madafin Inna? Au, kango ka gina mana."

Gaskiyarta. Wayam yake, ko tabarma babu.

Talata, 14 ga Maris

Na sa reza na yanke. Rufin ya fita tsaf, na kama haɗa kayan ciki. Sau huɗu na kira Yaya yau: ina randa take, wane ɗaki ne na Baba. Mun yi musu kan murhu, ita ta ci. Rabon da mu yi hira haka tun rasuwar Inna.

Asabar, 18 ga Maris

An ɗora shi tsakiyar tebur. Keong ya ɗaga rufin, mutum shida sun haɗa kai suna kallon ƴan tukwane. Daga baya ya kwaso sojojinsa uku ya jibge a madafi. Ban san lokacin da na ce, "Kai, su cire takalmi!" ba. Har ni na yi dariya.

Keong ya cinye ni a wasan, sojojina ko matakala ba su kai ba.

A shagon na bar gidan, suna so su yi wasa da shi ran Laraba. Na ce wa Salbiah saboda ruwan sama ne, kada kwali ya jiƙe. Ta leƙa waje, ta dube ni. Tun azahar ruwan ya ɗauke.